Alƙaluma iri ɗaya, nauyi iri ɗaya, amma kamfanin da ya zo na ɗaya ya bambanta

Sabon_Ma'aikaci ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin lissafi ko wanda ya taɓa aikin sayayya a ofis ku taimaka min. Oga ne ya ba mu aikin tantance kamfanoni uku da ke neman kwangilar kawo mana kaya, mu kira su A, B da C. Abu uku aka ce a duba, farashi, inganci da kuma kwanakin da za a ɗauka kafin kaya su iso, kwamiti ya zauna ya ba farashi nauyin 0.5, inganci 0.3, lokaci 0.2, wato kason da kowanne zai ɗauka a jimillar maki. Ga alƙaluman, farashin ba kuɗin gaske bane na mayar da shi lamba ne kawai:

A: farashi 100, inganci 6 cikin 10, kwana 10
B: farashi 120, inganci 9, kwana 14
C: farashi 110, inganci 7, kwana 7

Ni da abokin aikina kowa ya yi nasa a Excel, nawa ya ba C na ɗaya nasa kuma ya ba A, mun zauna mun bi layi layi babu wanda ya yi kuskuren tarawa ko ninkawa. Yanzu oga yace mu bar wannan wasan yaran mu yi AHP ko TOPSIS, wasu hanyoyin lissafi na jera zaɓi bisa ma'auni da yawa, tunda su ne manya ke amfani dasu. To wanne ne ya fi a cikinsu, kuma shi zai raba mana gardamar?

Malam_Lissafi ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun kafin ka nuna min fayil ɗin na san inda kuka rabu, wajen daidaita ma'auni ne. Ai ba a tara farashi da kwana da maki kai tsaye, dole sai an mayar da kowanne lamba tsakanin 0 da 1 tukuna, kuma hanyoyin yin hakan suna da yawa.

Inaga kai rabawa ka yi, wato a farashi da kwana ka ɗauki mafi ƙanƙanta ka raba da na kowa, a inganci kuma ka raba na kowa da mafi girma. In an yi haka A zai samu 0.840, B 0.817, C kuma 0.888. Shi kuma abokin naka ya bi hanyar da ake ba mafi kyau 1 mafi muni 0 sai sauran su faɗo tsakani, nan kuma A zai samu 0.614, C 0.550, B 0.300. Duba ka gani ko ba haka bane.

Dalilin shine, tsakanin 100 da 120 ba wani tazara bace mai yawa, a hanyarka mafi tsada ma ya tashi da 0.833 a farashi, amma hanyar abokinka ta ja wannan 'yar tazarar ta shimfiɗa ta daga 0 har 1, sannan aka zo aka ninka da 0.5, kaga kenan A ya kwashe rabin maki gaba ɗaya don kawai ya fi C araha da 10. Duk cikinku babu wanda ya karya ƙa'ida. Kwamitin ne ya faɗi 0.5 ba tare da ya faɗi 0.5 ɗin me ba.

Sabon_Ma'aikaci ya rubuta:

Wallahi Malam daidai da daidai, har lambobin. To yanzu in muka koma AHP ɗin shikenan?

Malam_Lissafi ya rubuta:

Ba shikenan ba kam. AHP wani masani ne ɗan jami'a a Amurka, Thomas Saaty, ya fito da ita a shekarun 1970, kuma babban amfaninta shine fitar da nauyin. Maimakon a ce wa mutum raba maki ɗari tsakanin abubuwa, sai a riƙa ɗauko su bibbiyu ana tambayarsa wanne ya fi kuma da nawa, daga 1 wato daidai suke har zuwa 9 wato wannan ya fi wancan nesa ba kusa ba. Ku da kuke da ma'auni uku tambaya uku ce kacal, amma in sun kai bakwai tambaya 21 ce, in goma ne 45, mutane sukan gaji su fara cike takardar yadda suka ga dama.

Abin da nake so da ita shine tana kama mai tufka da warwara. In kace farashi ya fi inganci sau 3, inganci ya fi lokaci sau 2, ai ya kamata farashi ya fi lokaci wajen sau 6, in ka zo ka rubuta 2 lissafin zai nuna. Akwai lambar da ake fitarwa ta auna wannan, in ta haura 0.1 sai a ce koma ka sake duba amsoshinka. Amma ka lura, rashin saɓa wa kai take aunawa, ba wai ta tabbatar ra'ayin naka daidai bane. Mutum zai iya fifita abin da bai kamata ba tun daga farko har ƙarshe ba tare da ya saɓa wa kansa ko sau ɗaya ba.

Injiniya_Mace ta rubuta:

Bari in ɗan sa baki kan TOPSIS tunda ita na fi amfani da ita. Wasu masana biyu, Hwang da Yoon, ne suka kawo ta a 1981. Yadda take shine za ka ƙirƙiri kamfani na mafarki wanda ya haɗa mafi kyawun komai, a naku zai zama farashi 100, inganci 9, kwana 7, sai kuma ka ƙirƙiri mafi muni, 120, 6, kwana 14. Kowane kamfani na gaske sai a auna nisansa da waɗannan biyun, a raba nisansa daga mummunan da jimillar nisan biyu, wanda lambarsa ta fi kusa da 1 shi ne gaba. Ba wuya a Excel.

Sai dai ƙanina, ita ma sai ka daidaita ma'auni kafin ka fara kuma sai ka ba ta nauyi, ba ta ƙirƙiro nata, don haka matsalar taku tana nan za ta biyo ku, kawai dai za ku samu amsa ta uku da za ku ƙara a kan biyun da kuke rigima a kai.

Ga wani abu da zan so ka gwada a fayil ɗin abokinka don oga ya gani da idonsa. Ƙara kamfani na huɗu D wanda ba wanda zai zaɓa, farashi 200, inganci 6, kwana 14. Shi dai sifili zai ci. Amma da yake yanzu tazarar farashi ta koma 100 zuwa 200, C zai tashi zuwa 0.750, B zuwa 0.700, A kuma yana nan a 0.614. Wanda yake na ɗaya ya koma na uku alhali ba abin da ya canza a tayinsa ko na abokan takararsa. Wannan juyewar jeri sananniyar matsala ce, masana Belton da Gear sun nuna tana faruwa a AHP tun 1983, kuma TOPSIS ma bata tsira ba. A hanyar rabawa taka D ba zai taɓa makin kowa ba tunda mafi araha da mafi sauri da mafi inganci duk suna nan yadda suke, amma in sabon da ya shigo shi ne ya karya farashi to kai ma naka zai motsa.

Ɗan_Sito ya rubuta:

Ni dai ba masanin lissafi bane amma na daɗe ina karɓar kaya, tambayata ɗaya, akwai kwanakin da in aka wuce su aikin naku zai tsaya? Don duk waɗannan hanyoyin na tara maki suna barin arha ta rufe jinkiri, kamfani zai iya kawo kaya bayan an gama buƙatarsu kuma ya ci na ɗaya a takarda. In kun san kwana 12 ne iyaka ku cire B tun kafin a fara lissafi, kar ku ba shi maki ma.

Malam_Lissafi ya rubuta:

Maganar Ɗan_Sito gaskiya ce, kuma masana ma sun yi tunaninta. Hanyar ELECTRE da Bernard Roy ya fara a Faransa a shekarun 1960 tana da wani abu kamar kujerar na ƙi, in zaɓi ya yi muni ƙwarai a ma'auni ɗaya to duk kyansa a sauran ba zai sa a ce ya rinjayi ɗan'uwansa ba. Hanyar PROMETHEE ta wani masani Brans ma dangin wannan ce, ta kwatanta zaɓi bibbiyu. Amma don kamfani uku da ma'auni uku ni ba zan ba ka shawarar ka shiga can ba, wahala ce kawai, sa sharaɗin cirewa ya isa.

Abin da zan ce ka yi, koma wa kwamiti da tambaya mai lamba a ciki. Kar ka ce farashi da inganci wanne ya fi muhimmanci, kowa farashi zai ce ba tare da ya yi tunani ba. Ce musu, a ce an ba ku mafi munin tayi, 120, inganci 6, kwana 14, aka ce abu ɗaya tak za ku gyara, za ku sauke farashi zuwa 100 ne, ko ku ɗaga inganci zuwa 9, ko ku rage kwana zuwa 7? Wanda suka fara zaɓa ka ba shi 100, sauran su faɗi nawa suka kai in an gwada da shi, sai ka raba kowanne da jimilla. Nauyin da aka samo ta haka shi ne ya dace da hanyar abokinka, domin da tazarar aka auna shi. Ba mamaki ka ga 0.5 ɗin nan ya sauko.

Sannan ka girgiza nauyin ka ga abin da zai faru. Na gwada ɗauke 0.1 daga farashi na ƙara wa inganci, wato 0.4, 0.4, 0.2. A hanyar abokinka A ya sauko 0.514, C ya hau 0.533, an juya kenan. A taka C yana nan gaba da 0.875, B 0.833, A 0.807. Ni a ganina C ya fi tsayawa da ƙafarsa, A kuma sai an riƙe farashi a sama sosai yake ci. Wannan teburin shi za ka kai wa oga, ya fi masa amfani a kan sunan wata hanya.

Sabon_Ma'aikaci ya rubuta:

Allah ya saka da alheri Malam, Anti Injiniya da Ɗan_Sito nagode sosai. Na saka D ɗin, haka ya fito kuwa, abokin nawa ya yi shiru yana kallon allo. Zan tambayi maganar iyakar kwanakin gobe. Saura abu ɗaya, shi makin ingancin 6, 9 da 7 mutum ɗaya ne a kwamitin ya bayar da su daga duba samfur, in na sa mutum uku ko huɗu su ba da nasu daban daban, matsakaici zan ɗauka ko kuwa kowa in yi masa lissafinsa in ga ko C zai ci a wajen dukkansu?