Haƙori ɗaya a kogon Mandrin

Ɗan Tudun Wada: Wallahi raina ya ɓaci, jiya na kawo maganar kogon Mandrin na kudancin Faransa a majalisa aka ce wai tonon ƙasa ba ilimi ba ne. Alhali ƙasar kogon hawa-hawa take kamar tsohon juji, sharar bana a kan ta bara. Tun 1990 ake haƙa wurin, a hawan da suka kira E aka samu haƙorin yaro irin namu, na wajen shekara 54,000 da suka wuce, ƙarƙashinsa kayan mutanen Neanderthal, wani jinsi mai kama da mu da ya ƙare tuntuni, samansa ma nasu. Wato sun zauna, namu suka zo, sannan suka dawo. Har baƙin hayaƙin da ya manne a rufin kogon an ƙirga shi layi-layi, aka ga tsakanin wutarsu ta ƙarshe da ta farkon namu wajen shekara ɗaya ce.

Maman Hanifa: Mutanen fa ka ce? Wa ya ce maka mutane ne?

Ɗan Tudun Wada: Aunty wanda ke hura wuta yana sassaƙa dutse me za a kira shi?

Baban Yara: Yaro ka iya bakinka, mutum ɗan Adam ne, ban san wani mutum bayan wannan ba.

Injiniya: Baba ku yi haƙuri, a yaren Jamus ma Neandertal sunan kwari ne inda aka tono ƙashinsu a 1856, ba a ce mutum ba, ba a ce dabba ba. Ni damuwata haƙorin, guda ɗaya tak, ba zai iya gangarowa daga hawan sama ba?

Maman Hanifa: Kai Injiniya kullum bayan abokinka kake bi.

Injiniya: Haba Hajiya, yanzu fa na musa masa!

Baban Yara: Ranar da na yi maganar Kufena ma haka kuka taru min, har yau babu wanda ya ba ni haƙuri.

Ɗan Tudun Wada: Don Allah a dawo kan hayaƙin nan, shi ne hujjar.

Admin: To a taƙaice yawanci sun yarda kalmar mutane ba ta dace ba, kamar yadda Baba ya faɗa tun farko. Maganar haƙori Injiniya ya riga ya rushe ta. Ɗan Tudun Wada ka gyara rubutunka kafin la'asar.