Na sa wa Corolla wilin Camry, yanzu sitiyari na rawa

Assalamu alaikum jama'a, musamman iyayen gidanmu makanikai. Ina Birnin Kebbi, motata Corolla ce ƙirar Amurka ta 2005. Wani abokina ya sayar min da wilin Camry mai inci 17 da araha, kwaɗayi ya sa na karɓa ban auna ba. Ashe ramukan noti ba ɗaya ba ne: na Corolla 5x100 (wato ramuka biyar a da'ira mai faɗin milimita 100), na Camry 5x114.3. Sai na sayi adafta mai kaurin milimita 25 aka ɗaura.

A cikin gari lafiya lau. Amma da na hau hanyar Jega, ina kai 90 sitiyari ya fara karkarwa har hannuna na tsami. An yi balansin sau biyu, an yi alaimen, shiru. Ga kuma tayar baya, in na ɗauki mutum uku muka faɗa rami sai ta goga madigadi, har gefenta ya fara fitar da baƙin gari.

Da muka kwance jiya na lura adaftar ba ta zauna daram ba, tana ɗan wasa kafin a ɗaure noti. Cibiyar Corolla, inda wili ke zama, milimita 54.1 ce, ramin tsakiyar wilin Camry kuwa 60.1. Nan matsalar take? Zoben cike giɓi zai wadatar, ko sai na nemi adaftar da aka yanka daidai da duka biyun? Mai gyarana kuma ya ce kaurin nan zai cinye min boris, ya ce in mayar da tsofaffin kawai. Don Allah wanda ya taɓa wannan haɗin ya ba ni shawara, ranar Asabar zan kai iyali Argungu.