Neman shawara: Fusarium ɗin da na samu a dawa da masara jinsi ɗaya ne ko da yawa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a fannin cututtukan shuka, kuma ina bincike kan funfunar da ke ɓata hatsin dawa da masara. Na tsirar da samfurori a faranti, kuma a ƙarƙashin madubin gwaji kusan dukkansu kamarsu ɗaya, ƙananan ƙwayoyin irinsu suna jere kamar sarƙa. Tsohon littafin da nake amfani da shi ya kira wannan Fusarium moniliforme, amma mai kula da aikina ya ce ba zai karɓi sunan ba. Me zan rubuta, kuma ta yaya zan rarrabe su?

Amsa daga wani malamin jami'a:
Wa alaikumus salam 'yata. Malaminki yana da gaskiya. An daɗe da gano cewa sunan moniliforme ya tattara jinsuna da dama masu kusancin zumunta, har a 2003 masana suka yi kira da a daina amfani da shi. Wanda ya fi yawa a masara shi ne Fusarium verticillioides, a dawa kuma akan samu Fusarium thapsinum, wanda aka bayyana a 1997, da Fusarium andiyazi, wanda aka bayyana a 2001, sannan ga Fusarium proliferatum da ke shiga duka biyun. Bambancin yana da nauyi ga lafiyar masu cin hatsin, domin verticillioides da proliferatum suna samar da gubar fumonisin da yawa, thapsinum kuwa kaɗan yake samarwa ko ma babu. Idan kika haɗa su a suna ɗaya, duk abin da za ki faɗa game da haɗarin guba ba shi da tushe. Sunan Gibberella, wani suna na biyu da ake ba waɗannan funfunan, da za ki ci karo da shi a tsofaffin takardu shi ma an ajiye shi, bayan taron masana ilimin tsirrai na duniya da aka yi a birnin Melbourne a 2011 ya tsayar da suna ɗaya ga kowace funfuna.

Amsa daga wata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje:
Ƙanwata, kafin komai ki tabbatar kowane samfuri ya fito daga ƙwayar irin funfunar guda ɗaya tak, domin ƙwayar hatsi ɗaya takan ɗauki jinsi biyu, kuma cakuɗaɗɗen faranti yana ba da sakamakon da ba ya karantuwa. Ido yana taimakawa kaɗan: thapsinum yakan bar launin rawaya a ƙasan farantin PDA, wato abincin tsirar da funfuna da ake yi da dankali, amma ba kowane samfuri ke yin haka ba, don haka kada ki dogara da shi. Idan kin zo karanta jerin DNA, kada ki kashe kuɗinki a kan sashen DNA da ake kira ITS kaɗai, duk da cewa shi aka saba da shi, saboda a wannan rukunin jinsunan, wato rukunin Fusarium fujikuroi, ba ya raba jinsunan yadda ya kamata. Ki nemi a karanta sashen TEF1, in da hali ki ƙara sashen RPB2.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Sai dai kuɗin aikin ba zai kai a karanta dukkan samfuroran ba.

Malamin jami'ar ya ƙara:
To ki kasa su rukuni-rukuni bisa kamanni, da irin shukar, da garin da aka ɗebo su, sannan ki zaɓi wakilai daga kowane rukuni. Ki yi hattara kuma da GenBank, rumbun jerin DNA na intanet, domin akwai jerin da aka ɗora da sunan kuskure. Ki kwatanta naki da na samfurin asali da aka raɗa wa jinsin suna, ko ki duba rumbun FUSARIUM-ID. Waɗanda ba a karanta DNA ɗinsu ba, ki rubuta su a matsayin 'yan rukunin Fusarium fujikuroi kawai, ki bayyana dalili a babin hanyoyin bincike.