Kalmar sirri ta konsol tana aiki, amma suwic ya ƙi barina in shiga daga nesa

Ɗan Koyo:

Assalamu alaikum. A cibiyar koyar da kwamfuta da nake aiki an danƙa mini wani tsohon suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci a hanyar sadarwa ɗaya, na Cisco, Catalyst 2960 mai kafa 24, aka ce in saita shi. Na haɗa shi da kwamfutata ta shuɗiyar wayar konsol, wadda ake saita shi da ita kai tsaye, na buɗe manhajar PuTTY da ake buga masa umarni da ita a kan gudun 9600, na shiga line console 0 na sa password tare da login, kuma yanzu duk lokacin da na jona wayar sai ya tambaye ni kalmar sirri. Na kuma ba interface vlan 1 adireshin IP, har yana amsa ping, wato gwajin ko ana kai wa gare shi, daga ofishina. Amma da na gwada shiga daga nesa ta telnet sai ya rubuto "Password required, but none set" ya yanke ni. Ina kuskurena yake, alhali na riga na sa kalmar sirri? Sannan idan na buga show running-config don duba saitin ina ganin kalmar a fili, kowa zai iya karanta ta.

Tsohon Injiniya:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kalmar da ka sa ta ƙofar konsol ce kaɗai. Mai zuwa daga nesa ta layukan vty yake shigowa, kuma a wannan suwic ɗin guda 16 ne, daga 0 zuwa 15. Da ma an kunna musu login tun daga kamfani, shi ya sa ya nemi kalmar sirri, bai tarar da ita ba, ya kore ka. Ka shiga line vty 0 15 ka sa musu tasu. Kada ka tsaya a 0 4 kamar yadda tsofaffin littattafai suke nunawa, domin hakan yana barin sauran layuka 11 da saitin da ba naka ba.

Akwai wani abin da zai tare ka bayan wannan: idan ka shiga daga nesa ka buga enable, umarnin da ke ba ka cikakken iko, ba tare da ka sa enable secret ba, zai nemi kalmar sirri ta konsol, in ita ma babu ya ce maka "% No password set". Ta konsol yana barinka ka wuce, ta vty kuwa ba ya bari. Idan ka gama, ka buga copy running-config startup-config, in ba haka ba da zarar an ɗauke wuta aikinka ya tafi.

Mai Tsaron Sadarwa:

Injiniya ya warware tambayar, sai dai da izininsa ban yarda a bar telnet a buɗe ba, ko da a cibiyar koyarwa ne, balle ma a can ne ɗalibai suke wasa da Wireshark, manhajar da ke leƙa abin da ke wucewa a hanyar sadarwa. Telnet yana aika duk abin da ka buga a fili ta kafar sadarwa mai lamba 23, har da kalmar sirrin, harafi bayan harafi. SSH, wata hanyar shiga daga nesa, a kafa mai lamba 22 yana ɓoye zirga-zirgar gaba ɗaya. Ka canza hostname, ka sa ip domain-name, ka buga crypto key generate rsa modulus 2048, sannan ip ssh version 2. Daga nan ka ƙirƙiri mai amfani da username da secret, ka koma layukan vty ka sa login local da transport input ssh. Idan umarnin crypto bai fito ba, ka duba show version, domin sai sunan IOS, manhajar da ke tafiyar da suwic ɗin, yana ɗauke da k9 sannan take da SSH.

Game da kalmar da kake gani a fili, za a ce maka ka buga service password-encryption. Ka buga, amma ka san iyakarsa. Abin da yake samarwa shi ne ɓoyewar da Cisco ke kira nau'i na 7, wanda ake mayarwa asalinsa cikin daƙiƙa guda da kayan aikin da ke cike da intanet. Amfaninsa kawai ya hana wanda ke tsaye a bayanka karantawa. Shi kuwa secret a tsofaffin manhajoji nau'i na 5 yake bayarwa, wato MD5, sababbi kuma suna da nau'i na 8 da na 9. A watan Fabrairu na 2022 hukumar NSA ta Amurka ta fitar da jagora a kan wannan batu inda ta ba da shawarar nau'i na 8. Idan manhajarka ta karɓi algorithm-type sha256, wanda ke samar da nau'i na 8, shi za ka yi amfani da shi.

Tsohon Injiniya:

Gaskiyarka, Malam, na karɓi gyara. Abu ɗaya zan ƙara daga abin da ya taɓa samuna. Na taɓa sa login local a konsol da vty na wani suwic kafin in ƙirƙiri username, na adana, na fita. Ya riƙa tambayata sunan da babu shi. Sai da na je wurin da kaina, na cire wayar wuta, na danne maɓallin MODE ina mayar da ita, na buga flash_init, na canza wa config.text, fayil ɗin da ke ɗauke da saitin, suna, sannan na samu shiga, ma'aikata kuma suna zaune babu intanet har aka yi la'asar. Tun daga ranar, kafin in taɓa layukan shiga daga nesa nakan buga reload in 10 ba tare da na adana ba, domin suwic ya sake tashi da tsohon saiti bayan minti 10 idan na kulle kaina, in gwada shiga ta sabuwar taga, idan ta yi sai in buga reload cancel in adana. Kuma tun da maɓalli ɗaya ya ishi wanda hannunsa ya kai ga suwic ya tsallake kalmar sirri, ka sa wa akwatin da yake ciki kwaɗo.

Ɗan Koyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Da farko crypto key ya ƙi, ya ce in fara sa domain-name, ashe na tsallake wannan layin. Yanzu SSH yana shiga, telnet kuma ya daina amsawa. Manhajar ba ta karɓi algorithm-type ba, don haka nau'i na 5 nake gani. Na zaɓi doguwar kalma kafin a sabunta manhajar. Kwaɗon kuwa na rubuta wa shugaban cibiya takarda a kansa yau da safe.