Wane baƙin mai da filta ne suka dace da injin Peugeot 504?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan Peugeot 504 da na gada daga mahaifina, haɗin Kaduna ta shekarar 1982, mai inji lita 2 da kabureta.

Shekara da shekaru marigayin yana zuba mata baƙin mai mai kauri, lamba 20W-50, amma da na kai ta sabis sai wani makanike ya ba ni shawarar komawa 5W-30 na zamani. Tun daga ranar, da zarar inji ya ɗauki zafi a cunkoso, jar wutar mai takan riƙa ƙiftawa, kuma kowace safiya ina tarar da ɗigon mai kamar faɗin tafin hannu a ƙarƙashinta. Ina zargin man ya yi mata tsinkewa, musamman a zafin Afrilu.

Shin komawa 20W-50 zai wadatar, ko famfon mai ne ya gaji? Kuma tsofaffin injuna masu tafet (ƙarafan da ke tura bawul ɗin inji su buɗe) irin wannan suna buƙatar mai mai yawan sinadarin zinki?

Sai batun filta: injin yana ƙara na ɗan lokaci idan na tayar da shi da safe. Yaya zan gane filta mai bawul ɗin da ke hana mai zurarewa ya koma ƙasa? Na gode.