Neman suna ga "sea urchin" mai dafi, gobe za a naɗi murya

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara shiri kan halittun duwatsun murjani na tekun Indiya da Fasifik, gobe ƙarfe 9 za a naɗi murya, ga shi na cije a kan "sea urchin". Dunƙulalliya ce kamar ƙwallo, ƙaya ta ko'ina, bakinta a ƙasa da haƙora 5. Iri biyu ne a shirin. Ɗaya ja ce jawur da ɗigon shuɗi, ƙayoyinta ɗauke da 'yan jakunkunan dafi dab da tsini. Ɗayar in kun gan ta sai ku rantse furanni aka yayyafa mata.

Malamin bayoloji: Wa alaikumus salam. Bushiyar teku. Larabawa ƙunfuzul bahri suke cewa, ma'anar ke nan. Ta farkon, Asthenosoma varium, ki ce mai wuta, don zafin sukarta kamar ƙuna ne. Ta biyun, Toxopneustes pileolus, mai furanni. Amma ki kula, furannin nan 'yan awartaki ne masu baki 3, da an taɓa su sai su datse fata su zuba dafi. Yana iya kashe wa mutum leɓe da harshe, numfashi ya yi wuya, wanda ke ƙarƙashin ruwa kuwa kin san sauran.

Dattijo: Ban yarda ba. Bushiya tana da kai da ido da ƙafa huɗu, tana shayar da 'ya'yanta. Mai sauraro zai zaci wata bushiya ce ta iya iyo. Ƙarangiyar teku ce. Dunƙule take, ƙaya ta kowace fuska, in ta soke ka ta karye a cikin fata. Me ya rage?

Malamin bayoloji: Allah ya ƙara girma, Baba, ƙarangiya ciyawa ce. Wannan dabba ce, dangin tauraron teku, tana tafiya da ɗaruruwan 'yan ƙafafu masu kama da tiyo, tana kankare gansakuka tana ci.

Dattijo: Ai dokin teku ma ba doki ba ne, kuka karɓa tunda daga Turanci ya zo. Duk abin da Bature ko Balarabe ya raɗa sai mu juya shi mu ce mun yi fassara. Yaushe Hausa za ta kalli abu da idonta?

Ɗalibi: Ni da za a bi tawa, a ce "ocin" kawai, kamar yadda muka ce kwamfuta.

Dattijo: Yaro, kwamfuta ƙera ta aka yi aka kawo mana da sunanta. Wannan halittar Allah ce, harshen da ya raɗa wa kunama da kububuwa suna ba zai gaza a kanta ba.

'Yar rediyo: Ku yi haƙuri, an bar baiwar Allah da aikinta. Yaya, abin da na fi tsoro kada ki ce guba. Guba ci ake yi ko sha, abin da aka soka a jiki dafi ne. Kuma a kunne bushiya ta fi saurin sanar da mutum cewa dabba ce. Da na ji ƙarangiya, tsiro ne ya faɗo mini a rai.

Dattijo: Don kin riga kin ji ta Malam ne.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Ga yadda na rubuta: "Wannan ita ce bushiyar teku mai wuta, halitta mai kama da ƙatuwar ƙarangiya, launinta na jan ido, ƙayarta na ɗauke da dafi." Baba, ka ga taka ma ta shiga.

Dattijo: Ta shiga a matsayin 'yar rakiya. Ki naɗi muryarki, 'yata, Allah ya taimaka. Ni dai ko gobe aka tambaye ni, ƙarangiyar teku zan ce.

Malamin bayoloji: Saura "pedicellaria", sunan 'yan awartakin nan. In ya fito a shirin, ki bar shi a awartaki tukuna.