Don Allah wa ya taɓa samun kuɗin bincike na TETFund (asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu)?

Salam 'yan uwa malamai, a taimaka min kaina ya kulle wallahi. Ina koyarwa a wata kwalejin ilimi, shekara biyu kenan ina bibiyar yadda yaran firamare aji 1 zuwa 3 ke kama karatu in da Hausa aka koyar da su, akwai makarantar da naje na tarar da yara zaune a ƙasa, littafi ɗaya kai huɗu na leƙe, abin ya tsaya min a rai. To kuɗin aljihuna sun ƙare a man mashin da fotokwafi. Yanzu na rasa wanne zan nema cikin tallafin binciken TETFund, IBR da ake bi ta makarantar mutum ne ko NRF na ƙasa baki ɗaya wanda sai an tantance gajeren bayanin farko kafin ka tura cikakken furofozal? Ni ƙaramin lakcara ne, in na sa sunan ogana a matsayin jagora aikin bai koma nasa ba kuwa? Sai bajet, nan ne fa na fi kakarewa, sau uku ina rubutawa ina yagawa. Wanda ya taɓa ci ya ɗan haska min don Allah.